Babel ko Birim: Wanne Mai Fatsa Zai Nufa a Kogunan Ingila Idan Bazara Ta Shigo?

Ranar 16 ga watan Yuni ce masu kamun kifi da fatsa a Ingila suke ɗokin zuwanta kowace shekara, domin tun daga 15 ga Maris har zuwa 15 ga Yuni doka ta hana taɓa yawancin kifayen koguna, don a bar su su yi ƙwai cikin natsuwa. Da zarar an buɗe, sai gaɓar kogunan Trent da Severn da Thames ta cika da mutane tun kafin gari ya waye. Wanda bai daɗe da fara wannan sha'awa ba yakan tsaya a shagon kayan fatsa yana wasi-wasi, saboda kuɗinsa da kwanakin hutunsa ba za su ishe shi bin kifi biyu lokaci guda ba, kuma manyan kifayen da aka fi nema a kogi a wannan lokaci biyu ne: babel da birim, waɗanda Turawa suke rubutawa barbel da bream.

Ya kamata a fara raba gardama a kan sunayen. A ƙasashen kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, idan aka ambaci waɗannan sunaye biyu ana nufin tarwaɗa da karfasa ne. Na Ingila dabam suke, kuma dukansu dangin kifin kaf ne, wato wanda Turawa suke kira carp. Babel dogo ne, mai faffaɗan ciki da jiki kamar an murɗa shi, launinsa ruwan tagulla, bakinsa yana ƙasa, da gashin baki guda huɗu da yake shinshina tsakuwa da su. Birim kuwa faffaɗa ne kamar faifai, mai ƙaramin kai da ƙusumbin baya, jikinsa cike da yauƙi, bakinsa kuma yana miƙewa kamar ɗan bututu idan zai tsotsi laka. Wanda ya kalli surar kowannensu da kyau ya riga ya san rabin abin da zan faɗa, domin an halicci ɗaya don ya tokare gudun ruwa, ɗayan kuma don ya yi kiwo a inda ruwa ya kwanta.

Tun a tsakiyar ƙarni na 20 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Marcel Huet, ya kasa kogunan Turai kashi huɗu daga tushe zuwa bakin teku, ya sanya wa kowane kashi sunan kifin da ya fi yawa a cikinsa. Kashi na uku, inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa da ciyawa mai dogon gashi, shi ne yankin babel, na huɗu kuma, inda kogi ya faɗaɗa ya yi zurfi ya tara laka, shi ne yankin birim. Saboda haka tambayar farko da mutum zai yi wa kansa ita ce wane irin ruwa ne yake kusa da gidansa. Mazaunin Birmingham ko Wolverhampton yana da tsakiyar Severn a kusa, wajen Bewdley da Bridgnorth da Ironbridge, inda babel ya yi yawa. Asali ma babu shi a wannan kogi, domin kifin kogunan da ke kwarara gabas ne, sai a 1956 aka ɗebo guda 509 daga kogin Kennet aka zuba, suka hayayyafa har suka mamaye shi. Kogin Wye, wajen Hereford da Ross, shi ma haka yake. Mazaunin Norwich ko Peterborough ko Boston kuwa, kogunan da ke kewaye da shi, wato Yare da Bure da Nene da Witham, masu tafiyar hawainiya ne, kuma birim ne sarki a cikinsu. Mutanen Nottingham da Landan su ne suka fi kowa sa'a da kuma ruɗewa, saboda Trent da Thames suna ɗauke da duka biyun, wani lokaci a lungu ɗaya: babel a ƙarƙashin madatsa inda ruwa ke tafasa, birim kuma a gurbin da ke can ƙasa kaɗan.

Idan ana maganar abin da hannu ke ji, babu kusanci tsakaninsu ko kaɗan. Na tuna wani almuru a watan Yuli a ƙasan Bridgnorth, na shafe kusan sa'a huɗu kan sandata bai ko motsa ba, har na fara tattara kaya a zuci. Kwatsam sai sandar ta lanƙwashe gaba ɗaya, gindinta ya ɗaga daga ƙasa, na'urar naɗe zare ta kama ƙara. Babel ba ya sallama, ba ya ɗanɗana koto ya sake. Ɗauka yake ya juya da gudu. Sa'an nan ya manne da ƙasan kogi, ya sa kai cikin gudun ruwa, ka ja ya ja, kuma lokacin da ka ɗauka ya gaji har ka miƙa homa, a lokacin ne yake sake nutsewa da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan kifin bai wuce laba 8 ba, wato kilo uku da rabi da ɗoriya, amma sai da damtsena ya yi tsami. Duk babel ɗin da ya kai laba 10 ana ɗaukarsa abin alfahari, kuma wanda aka kama a kogin Great Ouse a 2006 mai laba 21 da oza 1, kimanin kilo tara da rabi, ya daɗe yana riƙe da kambun ƙasar.

Birim ba haka yake ba, kuma masu raina shi a nan suke kafa hujja. Idan ya ɗauki koto, kan sanda yakan ɗan girgiza sau biyu, sa'an nan ya lanƙwasa a hankali ya tsaya. Da ka ɗaga sai ka ji nauyi, ya kaɗa kai sau uku ko huɗu, daga nan ya taso sama ya kwanta a gefe guda ana jawo shi. A inda ruwa ke da ƙarfi yakan gicciya faɗin jikinsa ya wahalar da kai, amma ko a nan bai kai rabin babel ba. Daɗin birim yana cikin yawansa ne. Garke yake tafiya kamar shanu, yana bin hanya guda kusan kowace rana yana kiwon jajayen tsutsotsin laka, kuma idan mutum ya iya tsayar da garken a gabansa, zai iya kama goma ko ashirin masu laba 3 zuwa 6 kafin hantsi. Manya-manyan birim, irin mai laba 22 da oza 11 da aka kama a 2012 a yankin Cambridgeshire, daga tafkuna suke fitowa. A kogi wanda ya kai laba 8 babba ne ƙwarai.

A ganina wannan bambanci ya fi muhimmanci ga sabon shiga fiye da yadda ake zato. Mai neman babel zai iya zuwa kogi sau uku ya dawo hannu rabbana, kuma a cikin waɗannan kwanaki bai koyi kome game da ɗaga sanda a kan kari ko sarrafa kifi ko cire ƙugiya ba, domin babu abin da ya faru. Mai neman birim kuwa hannunsa ba ya hutawa. Yana jifa kowane minti biyar ko goma, yana lura da motsin kan sanda, yana koyon bambance cizo na gaskiya da girgizar da ke zuwa idan kifi ya goga jikinsa da zare kawai. Kuskurensa ma darasi ne, domin idan ya ɗaga sanda a kan gogar jiki ya tsorata garken, nan take zai ga cizo ya ɗauke.

Kayan aiki ma sun bambanta, kuma a nan ne kuɗi ke shiga. Babel yana bukatar sanda mai ƙarfi, tsawon ƙafa 11 ko 12, da zaren da zai ɗauki laba 10 zuwa 12, da ƙugiya mai kauri lamba 8 zuwa 12, da na'urar naɗe zare mai sakin zare da kanta idan kifi ya fizga. A ƙasan Trent, daga madatsar Cromwell zuwa gaba inda ruwan teku ke hawa da sauka, sai an ƙara nauyin dalma ya kai oza 4 ko 6 kafin koto ya zauna wuri ɗaya, sandar ma sai wadda ta fi ta Severn ƙarfi. Kada mutum ya yi tsimi a kan zare, domin siririn zare yana tsawaita kokawa har kifin ya galabaita, ko kuma ya tsinke ya bar masa ƙugiya a baki. Birim kuwa sanda mai laushin kai ta ishe shi, da zare mai laba 5 ko 6, da ƙaramar ƙugiya lamba 12 zuwa 16. Wannan sandar za ta yi maka aiki a kan wasu kifaye da dama, a kogi da tafki da magudanar jiragen ruwa, alhali sandar babel kusan aiki ɗaya ta sani.

Sai dai a wajen koto lissafin yana juyawa. Birim maciyi ne, kuma garke ba ya tsayawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ana kwaɓa garin koto mai ɗan zaƙi, a zuba masa yankakkiyar tana da masara da tsutsa da kasta, wato tsutsar da ta yi jan ɓawo kafin ta zama ƙuda, sa'an nan a cusa cikin ɗan kejin da ake kira fida, a jefa sau goma ko goma sha biyar a wuri ɗaya tak kafin ma a ɗaura ƙugiya. Dabarar ita ce a zaɓi wata bishiya a tsallaken kogi a riƙa saitinta, a kuma maƙale zaren a jikin na'ura don kowane jifa ya faɗa a nisa ɗaya. Wanda ya warwatsa abincinsa ya warwatsa garkensa. Zama ɗaya zai iya cinye kilo biyu ko uku na gari, ban da tana da tsutsa, kuma duk wannan kaya a kafaɗa ake ɗauka zuwa gaɓa. Mai neman babel kuwa zai iya fita da ƙaramar jaka: felet, wato dunƙulen abincin kifi mai warin mai, da dafaffiyar ƙwayar hemp, wato ƙananan 'ya'yan wata shuka mai zare, da ɗan cuku da aka murza da burodi.

Akwai abin da Musulmi zai so ya sani a nan. Koton babel mafi shahara a Ingila shi ne naman gwangwani da ake yankawa murabba'i, kuma yawancinsa naman alade ne. Babu wanda ya wajabta shi. Felet yana kama babel a Severn da Wye da Trent ba tare da wata gazawa ba, kuma shagunan halal suna sayar da irin wannan naman gwangwani na kaza ko na sa, wanda idan aka bar shi ya ɗan bushe a firiji yakan zauna daram a kan zare. Ana saƙala shi ne a wani ɗan zare da ke rataye a ƙarƙashin ƙugiya, a bar ƙugiyar tsirara, don ta kama leɓen kifin da zarar ya juya.

Yanzu sai batun da ya fi damuna, wato zafi. Ruwa idan ya ɗumama iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa a cikinsa, babel kuma kifi ne da ke kokawa har sai ƙarfinsa ya ƙare ƙarƙaf. Idan aka fito da shi nan take aka ɗauki hoto aka jefa shi ruwa, zai yi kamar ya tafi, amma can ƙasa sai ya juya ciki sama, ruwa ya tafi da shi ya mutu inda ba wanda ya gani. Abin da ya dace shi ne a bar shi cikin homa a ruwa na wasu mintuna kafin a taɓa shi, a cire ƙugiya a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai laushi, sa'an nan a mayar da shi ruwa a riƙe shi a miƙe, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa. Na taɓa durƙusawa a ruwa har gwiwa kusan minti ashirin da wani a hannuna, ina jin yadda yake karkata gefe duk lokacin da na sassauta, har sai da ya fara buɗe baki da rufewa a daidai, ya miƙe ƙayar bayansa, ya buge hannuna da wutsiya ya shige ƙarƙashin ciyawa. Ƙungiyar Barbel Society, wadda aka kafa a 1995, ta daɗe tana koyar da wannan, kuma ƙungiyoyin fatsa da yawa sun hana sanya babel a ragar ajiya, wato ragar da ake tara kifin da aka kama da rai a cikin ruwa. A bazarar 2022, lokacin da zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila ranar 19 ga Yuli, ƙungiyoyi da dama sun rufe gaɓarsu na kwanaki, kuma wasu suna sanya iyaka idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 20. Ɗan ma'aunin zafin ruwa ba shi da tsada, kuma duk mai nufin babel a Yuli da Agusta ya kamata ya kasance da shi a aljihu.

Birim ya fi jure ruwan ɗumi mai ƙarancin iska, domin a irinsa yake rayuwa, kuma ba ya kashe kansa da kokawa. Duk da haka shi ma yana da nasa rauni: idan aka cunkusa manya da yawa a ragar ajiya cikin rana, yauƙin da ke kare fatarsu yana gogewa, jikinsu ya yi ja. A farkon lokacin kamun, wato makonni biyu na ƙarshen Yuni, duka kifayen biyu ba su daɗe da gama ƙwai ba. Za ka kama namijin birim ka ji kansa da kafaɗarsa da kaushi, cike da ƙananan fararen ƙuraje na lokacin barbara, babel kuma za ka gan shi ramamme, ciki a shafe. A irin waɗannan kwanaki na fi son a bar babel ya murmure.

Yanayin sama shi ma yana da ta cewa. Birim yana son rana mai gajimare da iska mai kaɗa fuskar ruwa, da kogi mai ɗan gurɓata, kuma idan rana ta take ruwa ya yi garau, sai ya kwanta ya ƙi ci har dare. Da asuba ne ake gane inda yake, domin yakan taso ya mirgina a saman ruwa, baƙin bayansa ya bayyana ya ɓace ba tare da fantsama ba, ga kuma ƙananan kumfa suna tasowa daga inda yake tonon laka. Babel yana ci ko da ruwa ya ja baya, musamman a ƙarƙashin madatsa da wuraren da ruwa ke gudu a kan duwatsu, amma sa'arsa ta gaskiya ita ce ta ƙarshe kafin duhu da ta farko bayansa. A watan Yuni rana tana fitowa a Landan kafin ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare. Ma'anar wannan ita ce mai aikin yini zai iya tashi daga aiki ya sami sa'a uku ko huɗu na babel da 'yar jakarsa, ya yi magariba a gaɓa, alhali birim yana son mutum ya ba shi safiya guda cur, ya fito tun bayan sallar asuba da kayansa niƙi-niƙi. A tuna kuma cewa ba kowace ƙungiya ce ke yarda a zauna bayan duhu ba.

Ta fuskar doka babu bambanci tsakaninsu. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin sanda daga hukumar kula da muhalli ta Ingila, na kwana 1 ko na kwana 8 ko na shekara, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500. Da kuɗin lasisin ne ake tafiyar da gonar kifi ta Calverton kusa da Nottingham, wadda ke ƙyanƙyashe babel da birim ana zubawa a koguna. Lasisi kuma ba izinin gaɓa ba ne, sai an sayi tikitin yini ko an shiga ƙungiya. Ƙungiyar masu fatsa ta Birmingham Anglers Association tana riƙe da wurare masu yawa a Severn, a Wye kuma gidauniyar Wye and Usk tana sayar da tikiti ta intanet. Shahararrun wuraren babel sun fi tsada da cunkoso, yayin da a Thames daga garin Staines zuwa ƙasa akwai wurare da dama da ba a biyan kuɗin gaɓa, kuma birim yana da yawa wajen Kingston.

Wanda ya taso inda kamun kifi ke ƙarewa a tukunya ya kamata ya ji wannan da kyau: babu babba daga cikin biyun da za a kai gida. Doka ta yarda a ɗauki ƙananan kifaye irin waɗannan guda 15 a yini daga kogi, muddin ba su wuce santimita 20 ba, kuma yawancin ƙungiyoyi ko wannan sun hana. Duk babba sai a mayar da shi da rai. Ƙwan babel ma guba ne ga ɗan Adam, yana sa amai da gudawa. Birim ana cinsa a gabashin Turai, a busar ko a yi masa banda, amma a gaɓar kogin Ingila wanda aka gani yana sa shi a jaka zai gamu da fushin maƙwabtansa da na jami'an sintiri.

Zuciyata tana wajen babel, kuma ba zan ɓoye ba, domin babu wani kifin kogi a ƙasar da ke sa gabana ya faɗi kamar yadda fizgarsa ke yi. Amma idan ƙanena ya zo yau ya ce bazararsa ta farko ke nan, kuma sanda ɗaya zai iya saya, zan ce masa ya sayi mai laushin kai ya nufi birim. Ya shafe Yuni da Yuli da Agusta yana koyon jifa a wuri ɗaya, da karanta motsin kan sanda, da riƙe kifi da jiƙaƙƙen hannu, a kan kifin da kuskuren sabon shiga ba ya saurin kashe shi. Mutum ɗaya zan ba wa shawara dabam, wato wanda gidansa ke kusa da tsakiyar Severn ko Wye, ba shi da lokaci sai na yamma, kuma yana da wani gogagge da zai zauna kusa da shi a fitarsa ta farko da ta biyu don ya nuna masa yadda ake farfaɗo da kifi. Shi wannan ya fara da babel, amma ya auna ruwan kafin ya jefa, idan ya tarar ya haura digiri 20 ya naɗe kayansa. Ƙanen nawa kuwa ya jira watan Satumba, lokacin da ruwan sama na farko mai ɗumi zai ɗaga kogin ya mai da shi launin shayi da madara. A makon nan babel ya riga ya yi ƙiba, ruwa ya cika da iska, kuma yana ci tsakar rana, sai in ara masa sandata mu tafi Bewdley tare.